Yaya, Ka Tabbata?

Akwai wata 'yar jar fitila a saman ƙofar situdiyonmu. Da zarar ta kama, duk abin da ya fito daga bakinka ya zama na mutane, ba ka da sauran iko da shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zama a ƙarƙashinta. Kafin nan sai da na yi karatun aikin jarida a IFTIC, can Yamai, inda malamai suka yi ta nanata mana cewa labari ba ya hawa iska sai ya tsaya da ƙafa biyu, wato majiya biyu da ba su haɗa baki ba. Na riƙe wannan a labarin gobarar kasuwa, na riƙe shi a labarin farashin tiyar hatsi, na riƙe shi har a sanarwar rasuwa, wadda ba na karantawa sai na kira wani daga cikin dangin mamaci. Inda na sake shi kuwa, sai da na yi watanni kunya ba ta bar ni na faɗa ba. A kan wani ɗan allon lantarki ne mai fanka biyu, wanda ake sokawa cikin kwamfuta don a buga wasa.

Sunansa katin girafik. Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan ba su taɓa riƙe shi a hannu ba, don haka bari in ɗan yi bayani. Abin da kake gani yana motsi a fuskar kwamfuta, hotuna ne tsayayyu ake jera maka da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. A fim an riga an ɗauki hotunan, kunnawa kawai ake yi. A wasa babu wanda ya san inda za ka juya ɗan wasanka, saboda haka dole a zana kowane hoto a lokacin da kake bugawa, da inuwarsa da haskensa da ciyawar fili. Idan ana zana talatin cikin daƙiƙa ɗaya, wasan zai bugu. Idan aka kai sittin, hannunka da idonka sai su ji daɗi. Katin girafik shi ne ke wannan zanen. A cikinsa akwai dubban ƙananan ma'aikata, kowane bai da wani wayo na a zo a gani, amma duk tare suke aiki, kamar gayya a gona. Yana da rumbunsa na kansa da ake aunawa da giga, yana shan wuta, yana zafi, kuma a mafi yawan kwamfutocin wasa shi ne ya fi kowane sashe tsada.

Ni yaron gidan wasa ne. A unguwarmu a nan Maraɗi akwai wani shago mai labule da talabijin biyu da PlayStation 2, muna biyan dala biyar mu buga PES, wanda aka ci ya tashi. Kuɗin karin kumallon lakwal da yawa sun tafi a nan. Da na fara aiki na samu kwamfutar montaj a gabana, sai na gano cewa bayan an rufe tasha da dare tana iya ɗaukar GTA San Andreas. Katin farko da na saya da gumina GTX 750 Ti ne, na hannu, daga wani shago a titin Beirut a Kano. Katin ya fito tun Fabrairun 2014, wat 60 kawai yake sha, ba ya ma neman wata waya ta daban daga akwatin wuta. Har yau ina ganin ba a taɓa ƙera katin da ya dace da gidajenmu kamarsa ba. Shekara biyar ya yi mini aiki, ban taɓa yi masa komi ba sai hure ƙura.

To daga nan ne cutar ta kama ni, kuma ba cutar wasa ba ce, domin yanzu da iyali da aiki da kyar nake samun awa biyu a mako. Cutar jiran kati mai zuwa ce. Wanda ya san yadda masoya ƙwallo ke kwana a kan jita-jitar sayen 'yan wasa, wane zai koma Madrid, wane ya ƙi sa hannu, ya san abin da nake nufi. Watanni kafin kamfani ya buɗe baki, sai wani mai ɓoyayyen suna ya rubuta layi biyu a X: kati kaza zai zo da ma'aikata dubu kaza, rumbu giga kaza, wuta wat kaza. Kafin gari ya waye shafuka goma sun mai da layi biyun nan labari, masu YouTube sun yi bidiyon minti ashirin a kansa, an zana jadawali mai launi ana nuna yadda zai ninka na bara. Mu kuma a wani zauren WhatsApp da ya haɗa 'yan Maraɗi da Damagaram da Kano da wasu 'yan'uwa a Kumasi da Garwa, sai mu raba dare muna musu a kan abin da babu ɗayanmu da ya taɓa gani, kuma mafi yawanmu ba za mu taɓa saya ba.

Kuma don Allah kada a ɗauka duk ƙarya ce. Masu kwarmaton nan sau da yawa suna dacewa, kuma akwai dalili. NVIDIA da AMD su ne ke tsara ƙwaƙwalwar katin, kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera mafi yawanta, sannan wasu kamfanoni irin su Asus da MSI da Gigabyte su ɗora ta a kan allo, su sa mata fanka, su zuba a kwali. Dole a ba waɗannan ma'aunai tun da wuri don su shirya, ga masu buga kwali, ga masu jigila. Abin da ya bi ta hannu ɗari ba ya ɓoyuwa. Shi ya sa yawan giga da yawan wat kan fito daidai. Abu biyu ne ba sa fitowa daidai, kuma su ne mai saye ya fi buƙata: nawa za a sayar, da kuma me zai iya idan an kunna wasa na gaske. Farashi manya ne ke yanke shi a ƙurarren lokaci. Ƙarfin kuwa ya dogara da manhajar da ke tuƙa katin, wadda ba a sakinta sai an kusa fitarwa. Kamfanin ma da kansa yakan sake shawara. A Oktoban 2022 NVIDIA ta janye wani kati da ta riga ta sanar da sunan RTX 4080 mai giga 12, bayan mutane sun yi ca a kan sunan, sai ga shi ya dawo a Janairun 2023 da sunan 4070 Ti, an rage masa dala ɗari. Idan mai kaya bai gama sanin sunan kayansa ba, ina ga mai leƙe ta taga?

Duk wannan na san shi, shi ya sa abin yake ci mini rai.

Yanzu bari in kawo Auta cikin maganar. Shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, na girme shi da shekara goma sha biyu. Karatu bai karɓe shi ba, amma Allah ya ba shi ido da hannu a kan kamara. A farkon 2023 muka haɗa masa kwamfuta don montaj ɗin bidiyon biki da suna. Lokacin ya yi mana daɗi, domin shekara biyu kafin nan katin girafik ya zama kamar zinariya. Annobar korona ta tsare mutane a gida kowa na son wasa, ga masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum suna kwashe katuna da ɗaruruwa suna jerawa a ɗakuna. RTX 3080 da aka sanar a dala 699 a Satumban 2020, an daɗe ana sayar da shi ninki biyu ko fiye. Sai a ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ta sauya tsarinta, haƙa da kati ta mutu, katunan suka malalo kasuwar na hannu, wasunsu suka gangaro har zuwa Legas da Kano. A cikinsu muka tsinci RTX 3060 mai giga 12. Mun wanke shi, mun sake masa man da ke sanyaya ƙwaƙwalwa, ya tashi garau.

Da katin nan Auta ya zama mutum. Da rana ya yi montaj, da dare samari su taru a shagonsa su biya su buga FIFA. Ya fara kai wa Inna kuɗin cefane. Ko a watannin da Najeriya ta yanke mana kuran, daga Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024, bai rufe ba, saboda katin wat 170 yake sha, ƙaramin gurup yana ɗaukar kwamfutar duka da fitila da fanka. A lokacin ban lura da darajar wannan lambar ba. Idona yana can kan RTX 4090, sarkin katuna na wancan zamani, mai giga 24 da wat 450, wanda aka sa wa dala 1,599. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A kuɗinmu ya haura miliyan. Ina kallonsa ne kamar yadda ɗan kabu-kabu ke kallon motar gwamna.

A Disamban 2024 jita-jita ta kai maƙura a kan jerin 50. Kowa ya san za a sanar a bikin baje kolin CES a Las Begas. Daren Litinin 6 ga Janairun 2025 ne a can, a nan kuwa wajen ƙarfe uku da rabi na dare ne, wayewar Talata. Sanyin hunturu ya sauko sosai, na lulluɓa da bargo a falo, salula a hannu, na rage murya don kada in tashi yara. Jensen Huang, shugaban NVIDIA, ya fito da rigarsa ta fata. Ya nuna 5090, dala 1,999, na ce wannan ba namu ba ne. A kan RTX 5070 kuwa, ya ce zai ba da ƙarfin 4090 a kan dala 549. Na tashi zaune. A canjin lokacin, kusan jikka 350 ke nan. Kayan miliyan a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a nan, don ita ce ta fi muhimmanci: mutumin bai tsaya nan ba. A numfashi na gaba ya ce hakan ba zai yiwu ba sai da ƙirƙirarriyar basira. Kunnena ya ji. Sai dai zuciyata ta riga ta ɗauki rabin farko ta gudu da shi.

Ranar Alhamis ina da shirin matasa da fasahar zamani, ƙarfe tara na dare. Jar fitila ta kama. Bayan gaisuwa da labarin tsadar data, sai na ce ina da albishir ga masu montaj da masu gidajen wasa: nan da 'yan makonni katin jikka 350 zai yi aikin katin miliyan, don haka duk mai tsohon kati ya san inda dare ya yi masa, farashinsa zai faɗi warwas. Haka na faɗa, da muryar nan da nake karanta labarai da ita. Ban kawo sharaɗin ba. Majiyata ɗaya ce, kuma ita ce mai sayar da kayan. Ɗan koyo ne ya kawo mini labari irin wannan a kan maganin gargajiya ko irin shuka, da na mayar masa da takardarsa.

Da safe Auta ya same ni ina shan shayi a bakin tasha.

"Yaya, na saurare ka jiya. Akwai wani yaro daga Tasawa da ya daɗe yana bin katina, ya taya jikka 170. In na bari sabon ya fito ba zan samu ko ɗari ba."

Na ce ai lissafi ne mai kyau.

Ya yi shiru, yana juya makullin babur a yatsa. Sai ya ce, "Yaya, ka tabbata?"

Na ce, "Da idona na gani, da kunnena na ji. Sayar."

Ya sayar a ranar Asabar.

Abu na farko da ban duba ba shi ne kalanda. 5090 da 5080 ne suka fito ranar 30 ga Janairu, kuma ko a Amurka cikin mintuna suka ƙare a shaguna. 5070 an ce Fabrairu, daga baya aka ɗaga zuwa 5 ga Maris. Azumin shekarar kuwa a farkon Maris ya kama. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ake yi a makonnin da ke gaban azumi: aure ake ɗaurawa ba ƙaƙƙautawa, kowa na son amarya ta tare kafin a ga wata. Wannan ita ce kakar mai kamara, abin da zai ci har bayan salla a nan yake tara shi. A daidai wannan lokaci kwamfutar Auta ta koma dogaro da ɗan ƙaramin mai zanen da ke cikin ƙwaƙwalwarta, wanda an yi shi ne don aikin buro. Ka ja hoto a montaj sai ya tsaya yana tunani. Bidiyon da a da yake fitarwa kafin ya gama cin tuwo, yanzu sai ya kunna ya kwanta, kuma idan kuran ya ɗauke da tsakar dare, a sake daga farko. Wasan dare ya tsaya gaba ɗaya, samarin suka koma wani shago. Biki biyu ya karɓa ya kasa ba da aiki a kan lokaci. Uwar wata amarya ta zo har gida. Na uku da na huɗu da kansa ya miƙa wa wani abokin sana'arsa.

Bai taɓa ce mini komi ba. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai dai ya riƙa gaishe ni kamar yadda ake gaida maƙwabci.

Sai ga 4 ga Maris ta zo, masu gwaji suka saki sakamakonsu. Su waɗannan ana ba su kati tun da wuri, da sharaɗin ba za su yi magana ba sai ranar da aka sa, shi ya sa duk abin da ka ji kafin ranar, ko dai daga mai kaya ne ko daga mai hasashe. Na zauna bayan buɗa baki na kalli gwaji huɗu a jere. Bakinsu ɗaya: idan aka bar katin ya zana hoto da ƙarfinsa, yana nan kusa da 4070 Super na shekarar da ta gabata, 4090 kuwa ya yi masa nisa ƙwarai. Kuma rumbunsa giga 12 ne, daidai da na katin da Auta ya sayar, ko da yake na sabon ya fi sauri.

To ina maganar ƙarfin 4090 ta fito? Daga wata dabara da suke kira DLSS 4. Katin zai zana hoto ɗaya na gaske, sai ƙirƙirarriyar basira ta duba abin da ke gudana ta ƙago har uku ta cusa kafin na gaske na gaba. Shi 4090 ɗaya kawai yake iya ƙagowa. Idan ka ƙirga duk hotunan da suka wuce ta fuskar kwamfuta, na gaske da na ƙage, lambobin biyu za su iya kusantar juna a wasannin da suka karɓi dabarar. Mu ma muna da irin wannan a montaj. Ka yi hira da malami ta minti uku, an ba ka fili na minti goma sha biyu, sai ka sa kiɗa a tsakani. Fili ya cika, ya yi daɗin sauraro, amma maganar malam ba ta ƙaru da kalma ɗaya ba. Ba na raina dabarar. Na gan ta daga baya a kwamfutar wani a Yamai, motsin ya yi santsi har ka rantse. Sai dai wasan ba ya jin hannunka sai a kan hotunan gaske, don haka idan na gasken kaɗan ne, ido zai ga gudu, yatsa ya ji nauyi. Ga mai fitar da bidiyon biki kuwa, hotunan ƙagen nan ba su da inda za su shiga aikinsa. Sabon katin ya fi 3060 nesa ba kusa ba, a montaj ma haka, wannan ba abin musu ba ne. Amma ba shi ne abin da na sayar wa mutane a iska ba.

Saura farashi. Dala 549 kuɗin da kamfani ya ba da shawara ne, a Amurka, kafin haraji, idan ka samu. Akwai wani Alhaji da ke kawo mana kaya daga Dubai, na kira shi. Ya yi dariya, ya ce in ya samu, da kuɗin jirgi da duwan da ɗan abin da zai ci, in shirya abin da ya haura jikka 500. Ya ƙara da tambayar da ban yi wa kaina ba: akwatin wutar kwamfutar nawa ne? Katin wat 250 yake sha, kamfanin ya ce a tanadi akwati mai wat 650. Na Auta bai kai ba. Ga ondilar ɗinsa ma ƙarama ce. Wato sai an sake kusan rabin kwamfutar. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jikka 42 a wata, ko farashin Las Begas ɗin albashin wata takwas ne.

A nan ne na fara ganin wani abu da shekaru na karance-karance suka rufe mini ido a kansa. Duk jadawalin da muke musu a kansu, an auna su ne a ɗakuna masu sanyi, da wutar da ba ta ƙiftawa, a kan fuskar kwamfuta mai tsadar da ta fi babur. Babu mai gwajin da ke tambayar yadda kati zai yi a watan Afrilu a Maraɗi, zafi ya haura 40, rufin kwano, fanka na hura iska mai zafi. Babu mai auna kwana nawa ƙurar hunturu ke ɗauka kafin ta toshe shi, ko lita nawa gurup zai ƙara sha. Ba laifinsu ba ne, ba don mu suke yi ba. Kai, ko 'yan wasan Turai da Amurka yanzu ba su ne 'yan gaban goshi ba. A shekarar kuɗin NVIDIA da ta ƙare a Janairun 2025, cikin dala miliyar 130 da ta samu, kusan 115 daga manyan cibiyoyin kwamfuta masu horar da ƙirƙirarriyar basira suka fito, wasanni kuwa wajen 11. Masana'antar da ke ƙera ƙwaƙwalwar katin wasa ita ce ke ƙera ta waɗancan, kuma kowa ya san wanda za a fara sallama. Abin da ya ƙara ba ni haushin kaina shi ne ƙididdigar da Steam ke fitarwa duk wata a kan irin kayan da 'yan wasa ke amfani da su a duniya. Shekaru da dama GTX 1060 ne a sama, daga baya 1650, sannan 3060. Katin da na sa ƙanena ya rabu da shi don wai ya tsufa, shi ne wanda ya fi yawa a kwamfutocin 'yan wasan duniya a lokacin.

Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, kuma ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba. Wani dare cikin azumin na je gaishe ta, ƙanwata na zuba kunu. Sai ta ce da ita, ba ta ko dubi inda nake ba, "Ki ce wa mai radiyon can, in zai yi wa gari albishir, ya riƙa fara tambaya ko akwai na gida a cikin masu saurare."

Alhamis ta gaba na yi gyara. A aikinmu gyara yana da ɗaci, kuma akwai hanyoyin yin sa ba tare da ka yi shi ba: ka ce "bayanai sun sauya", ko "kamar yadda ta bayyana daga baya". Na rubuta irin wannan, na karanta wa kaina, na yage. Da fitila ta kama na ce a ranar 9 ga Janairu na faɗi magana rabi, mai kayan ya faɗi sharaɗi ni na yar da shi, kuma na ba da shawarar sayar da kaya a kan abin da ba a gwada ba. Na bayyana yadda hotunan ƙage suke. Na ce duk wanda ya yi asara saboda maganata ya yafe mini. Da aka buɗe layi, mutum na farko cewa ya yi shi bai san ma mene ne katin girafik ba, amma ya ji daɗi da ya ji ɗan radiyo ya ce ya yi kuskure. Na biyu wani saurayi ne daga Gidan Rumji, ya ce shi ma ya kusa sayar da nasa, rashin mai saye ne ya cece shi. Muka yi dariya. Auta bai kira ba, amma ƙanwata ta ce radiyon shagonsa a kunne take.

Bayan salla na ɗauki adashena. Na yi niyyar gyaran rufin ɗakin yara da shi kafin damina. Muka zauna da Auta a shago, karo na farko cikin wata uku da muka yi doguwar magana, muka baje abin da ke kasuwa. Akwai RX 9070 XT na AMD da ya fito a Maris ɗin, giga 16, dala 599, masu gwaji sun yabe shi, amma wat ɗinsa ya haura 300, ya fi ƙarfin gurup ɗinmu da aljihunmu. Akwai Arc B580 na Intel, giga 12 a dala 249, wanda ya burge ni ƙwarai a takarda, sai Auta ya ce idan ya ba da matsala wa ya san shi a garin nan? Na fara kawo masa lambobi, ya ɗaga hannu.

"Yaya, bar ni da wanda na sani."

Wani ɗan zaurenmu a Kano ya samo mana 3060 na hannu, mai giga 12, irin wancan sak. Da canji da kuɗin mota ya tsaya mana jikka 195. Farashin tsohon kati bai faɗi ba, sama ma ya ɗan yi, tunda sababbin sun yi wuya. Na biya, Auta ya ce zai mayar mini da 170 ɗin da ke hannunsa, na ce ya riƙe ya sayi batir. Rufin ɗakin yara da leda muka tare shi a daminar.

Ban bar zauren ba, kada in yi ƙarya. Yanzu maganar da ake yi ita ce wai akwai jerin Super da ke tafe, wai za a ƙara wa 5070 rumbu ya kai giga 18 saboda sababbin ƙwayoyin rumbu masu giga uku-uku. Wai. Kamfanin bai ce komi ba. Jiya da dare har ƙarfe ɗaya ina musu da wani ɗan Garwa a kan ko za a ƙara farashi, kuma na ji daɗin musun kamar yadda nake ji tun farko. Da safe sai ga saƙo daga Auta, ya turo mini hoton jadawalin, da jan layi a ƙarƙashin giga 18 ɗin, bai rubuta komi ba sai alamar tambaya.

Na rubuta masa amsa mai tsawo, da lissafin wat da na canji. Na goge. Na rubuta, "Biki nawa ke hannunka?"

Ya ce uku, ɗaya ma na jibi ne, kuma in na tashi daga aiki in biyo da abin hura ƙura na tasha, fankar katin ta fara ƙara.